Dukiyar Tsoho a Hannun Wani

Ina gaida mutanen Filinge da kewaye, da na Cikal, da Tukunus, da Luma, da Bonkuku, da Damana, har can Abala da Sanam. Ina gaida iyayenmu mata da ke saurare suna aikin gida, da dattawan da ke zaune a ƙarƙashin rumfa. Ƴan'uwa da ke cirani a Abijan, da Lome, da Kwatano, da Legas, waɗanda za a tura wa shirin nan ta WhatsApp, ku ma ku kasa kunne, don rabin maganar yau taku ce.

Yau za mu yi magana a kan dukiyar wanda ƙarfinsa ya ja baya. Tsoho da tsohuwa. Makaho. Wanda ciwo ya kwantar. Wanda hankalinsa ya fara gushewa. Mai takaba, da maraya. Wa ke riƙe musu kuɗinsu, da bisashensu, da gonarsu? Kuma me doka ta ce a kan wannan riƙo?

Ga jigon shirin, magana biyu ce. Ta farko, tsufa ba ya raba mutum da ikon dukiyarsa. Ta biyu, duk wanda ya riƙe wa wani dukiya, amana ya riƙe, kuma dole ya ba da lissafi. Za ku ji ina maimaita su. Da gangan nake yi.

Na san wani zai ce, "Malam, ai wannan matsalar Turawa ce, mu nan muna riƙe iyayenmu." Gaskiya ne, muna riƙe su, kuma ba al'adarmu ba ce mu kai tsoho gidan ajiya. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin masu shekara 60 zuwa sama, mutum 1 cikin 6 yana gamuwa da wani irin cin zarafi a cikin shekara guda, kuma cin dukiya yana cikin waɗanda suka fi yawa. Mai cin dukiyar tsoho kuwa da wuya ya zama baƙo. Baƙo bai san inda Inna ke ɗaure kuɗinta ba. Bai san gona nawa Baba yake da ita a cikin kwarin dallol ba. Na gida ne ya sani. Shi ya sa abin yake da nauyin faɗa.

To, bari mu fara da tambayar farko: wace doka ce ke aiki a kanmu?

A Nijar ba mu da kundi guda na dokar iyali. An yi yunƙurin samar da shi fiye da sau ɗaya, na baya a 2011, amma bai kai ga nasara ba. Abin da muke da shi shi ne dokar tsarin kotuna ta 2004, wadda aka sake a 2018. Ta ce a sha'anin aure, da saki, da gado, da kyauta, da wasiyya, da cancantar mutum ya ƙulla ciniki, alƙali yana bin al'adar masu shari'ar, muddin ba ta saɓa wa dokar ƙasa ba. Shi ya sa in kun je kotun Filinge a kan maganar gado, ba za ku tarar da alƙali shi kaɗai ba. Akwai masu taya shi zama, masana al'ada, sau da yawa malamai. Al'adarmu kuwa ta daɗe da cuɗanya da fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantarwa a zaure daga littattafan Risala da Muhtasar. Daga gefe kuma akwai rubutacciyar dokar ma'amala da muka gada daga Faransa, da dokar hukunta laifuka da aka kafa a 1961. A kan maganarmu ta yau, bakinsu ya fi zama ɗaya.

Yanzu kashi na biyu: tsufa daban, gushewar hankali daban.

Ku ɗauki misalin dattijo ɗan shekara 80. Idonsa ya yi rauni, ƙafa ba ta kai shi kasuwar Lahadi. Amma ya san shanunsa ɗaya bayan ɗaya, ya san wadda ta haifi wadda. Sai babban ɗansa ya kama bijimi ya kai kasuwa ya sayar, bai gaya masa ba. Da ƙannensa suka yi magana, sai ya ce, "Ai Baba ya tsufa, ni ne babba." Jama'a, zama babba ba izini ba ne. A rubutacciyar doka, sayar da abin wani ɓataccen ciniki ne. A fiƙihu, cinikin yana rataye, ba ya zartuwa sai mai abu ya amince. Dattijon nan ko a shimfiɗa yake kwance, in dai hankalinsa na nan, shi ke da magana a kan garkensa. Ana shawara da shi, ba a yanke masa.

To, in hankalin ne ya fara tafiya fa? Wannan ma yana faruwa. Tsohuwa ta manta ta ci abinci. Ta sayar da akuya guda ga mutum biyu. Ta miƙa kuɗinta ga duk wanda ya gaishe ta. Likitoci sun san wannan ciwo, ciwon mantuwa ne da ke kama ƙwaƙwalwa. Kuma bari in tsaya nan in roƙe ku: tsohuwar da ke fita cikin dare tana sambatu, mara lafiya ce, kada a laƙa mata maita. Sau da yawa wannan ƙazafi shi ne hanyar farko ta raba ta da ɗakinta da gonarta.

Irin wannan mutum, shari'a ta tanadar masa abin da malamai ke kira hajru. Hajru shi ne a hana mutum taɓa dukiyarsa don a tsare masa ita. Ku lura, don a tsare masa, ba don a raba ba. Asalin hukuncin yana farkon Suratun Nisa'i, kuma a nan ne aka yi umarnin a ciyar da shi, a tufatar da shi daga cikin dukiyar tasa. Rubutacciyar doka ma tana da irin wannan hanya. Ɗan'uwa ko abokin aure ya kai buƙata kotu. Alƙali ya ji ra'ayin dangi, ya ga mutumin da idonsa, ya yi masa tambayoyi, yakan kuma nemi shaidar likita. In ya gamsu, sai a naɗa wanda zai riƙe. Ba ɗa ke yanke wannan hukunci a tsakar gida ba. Wanda aka naɗa ɗin kuma bai zama mai dukiya ba. Amana ya riƙe, kuma dole ya ba da lissafi.

Mu shiga kashi na uku, inda na ce ƴan cirani su kasa kunne. Maganar wakilci ce.

Ga yadda abin yake tafiya a gidaje da yawa. Ɗa yana Abijan, duk ƙarshen wata yana aiko wa mahaifiyarsa jikka 50, ta Nita, ko Al Izza, ko Amana, ko ta salula. Inna ba ta da katin ɗan ƙasa, don haka da sunan ɗan ƙaninta ake aikowa. Yaro ya je ya karɓo, ya dawo ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, ga saƙon Yaya, jikka 30 ne, an cire kuɗin aike." Ita kuma ta sa masa albarka. In ɗan ya kira ya ce, "Inna, kin ga saƙo?" sai ta ce, "Na gani, Allah ya yi maka albarka." Shi bai faɗi nawa ya aiko ba, don kunya. Ita ba ta faɗi nawa ta karɓa ba, don kada ta zama mai raini. A tsakanin kunyar nan biyu jikka 20 take ɓacewa duk wata. Ku lissafa, a shekara jikka 240 ke nan. Alhali galibi mai aikawa ne ke biyan kuɗin aike tun daga can.

Yaron nan, a idon doka, wakili ne. Kuma wakilci yana da ƙa'ida. Wakili ba ya wuce abin da aka sa shi. In an ce ka karɓo kuɗi, ba a ce ka ranta wa kanka ba, ko da da niyyar biya ne. Duk abin da ya karɓa da sunan mai shi, dole ya miƙa shi cif, ya faɗi yadda aka yi. Mai wakiltawa yana da ikon sauke shi duk ranar da ya ga dama, ba sai ya ba da dalili ba. Sannan wakilci yana mutuwa tare da mai shi. Wannan ya shafi masu karɓar wa iyaye fansho, na CNSS ko na CARENI. Ranar da tsoho ya rasu, takardar wakilci ta gama aiki. Wanda ya ci gaba da karɓa da ita ya shiga zamba. Abin da ya dace shi ne a kai takardar rasuwa, matar marigayi da marayu su nemi nasu haƙƙin ta hanyarsa.

Yaya za a toshe ɓarakar? Matan ƙasar nan sun riga sun nuna mana. A 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, tare da ƙungiyar CARE, kuma daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Ku tuna yadda suke yi da asusunsu. Mai ajiye akwati daban, masu riƙe makullai daban, kuma a gaban kowa ake ƙirga kuɗi da babbar murya. Ba don suna zargin juna ba ne. Don kada zargin ya samu wurin shiga ne. Haka ya kamata a yi da kuɗin tsoho. Kada ya zama hannu ɗaya ne ke karɓa, shi ke kashewa, shi ke ba da labari.

Kai da ke cirani, in ka aiko, ka faɗi adadin da bakinka: "Inna, jikka 50 na aiko." Ka gaya wa mutum na biyu a gidan, ko ƙanwarka da ke aure a gari. Kai wakili, ka kawo rasit ka ajiye, ka sami ɗan littafi ka riƙa rubutawa: ranar kaza na karɓo kaza, an sayi buhun hatsi, an sayi magani, saura kaza. Littafin nan kai yake karewa, don ranar da ƴan'uwa suka taso maka, shi ne mai shaidarka. Wanda ya fi duka kuwa, a yi wa Inna katinta. In ba ta da takardar haihuwa, kotu na bayar da hukuncin da ke maye gurbinta, kuma akan yi zaman kotu na tafi-da-gidanka a ƙauyuka don wannan aiki. Layin salula ma a yi masa rajista da sunanta. Lambar sirri kuma, in dole ne sai wani ya sani, to ya zama mutum ɗaya sananne, ba duk jikan da ya ari salula ba.

Kashi na huɗu gajere ne. Maganar dangwala yatsa.

Iyayena, yatsanku a kan takarda daidai yake da maganarku a gaban alƙali. Kada ku dangwala a kan abin da ba a karanta muku ba. Kuma mai karantawa kada ya zama shi ne mai cin amfanin takardar. A kira malamin makaranta, ko wani ɗa na daban, ya fassara da Hausa, kalma bayan kalma. In an ce muku sauri ake yi, mota za ta tashi, to a bar ta ta tashi. Doka ta ce yardar da aka samu ta hanyar yaudara ko tilas ba yarda ba ce, ana iya rushe ta a kotu. Amma rushewa na cin lokaci da kuɗi, ƙin dangwalawa kuwa kyauta ne.

Akwai takarda ɗaya da nake so ku fi jin tsoro, ita ce ta tsaya wa wani a kan bashi. Ɗa zai ci bashi a banki ko a asusun lamuni, sai ya ce, "Baba, sa hannu kawai za ka yi, shaida ce." Ba shaida ba ce. Ma'anarta in ya kasa biya, kai za a bi. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke cikinta, ta san haɗarin nan. Ta ce in mai tsayawar bai iya rubutu ba, dole a sami shaidu biyu da za su tabbatar cewa shi ne, yana wurin, kuma an bayyana masa abin da ya ɗauka da abin da zai biyo baya.

Su kuwa masu kiran waya su ce kun ci kyauta, ko sunanku ya fito a tallafi amma sai kun turo wani abu, ku kashe wayar. Tallafin gaskiya, irin wanda aka fara bai wa gidaje jikka 10 a wata a ƙarƙashin shirin tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi, ba a sayen shiga cikinsa. Masu cewa a kawo kuɗi su ninka, mutanen Benin sun ɗanɗana a 2010 da ICC Services, na Najeriya sun ɗanɗana a 2016 da MMM.

Yanzu mun zo kashi na biyar, kuma a nan zan ɗan daɗe, don a nan Kurfey babbar dukiyar tsoho ba ta cikin aljihu. Tana cikin ƙasa. Gona ce.

Shekarar yunwa ta zo, dattijo ya jinginar da gonarsa ta fadama a kan buhu kaɗan na hatsi, ko ya ba maƙwabci aro don ƴaƴansa duk sun tafi cirani. Da baki aka yi, a gaban mutum biyu. Shekara 20 ta wuce. Shaidun sun rasu. Ƴaƴan wanda aka ba aro sun tashi sun ga ubansu na noma wurin, sun ɗauka gadonsu ne. Dattijo ya ce tasa ce, sai a ce tsufa ne ke sa shi ruɗewa. Kun ga yadda ake juya tsufan mutum ya zama makami a kansa.

Maganin wannan yana nan tun 1993, lokacin da aka kafa dokar karkara, wadda ta zo da hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo. Akwai Kofo ta gari, wadda mai gari ke jagoranta. Akwai ta gunduma a ma'aikatar magajin gari, akwai kuma ta Filinge mai kula da yankin duka. Aikinsu har da ba da takardun shaida: ta mallakar gado, ta sayarwa, ta kyauta, ta aro, ta haya, da ta jingina. Kowace da sunanta. In aro ne, a rubuta aro. In jingina ce, a rubuta jingina, da abin da aka karɓa, da iyakokin gonar, da maƙwabtanta. Ku yi wannan tun Baba yana iya taka gonar da ƙafarsa ya nuna iyaka. Dokar nan kuma ta ce ba a bambanta namiji da mace wajen samun ƙasa. Don haka gamanar da tsohuwa ta gada, ko ta saya da kuɗin bisashenta, ita ma ana yi mata takarda da sunanta.

Sai maganar kyauta, inda rigimar gado ta fi tsirowa. Bayan rasuwa sai wani ɗa ya tashi ya ce, "Ai Baba ya ba ni gonar nan tun yana da rai." A fiƙihun Malikiyya, kyauta ba ta cika da baki kawai. Sai wanda aka ba ya karɓe ta ya shiga cikinta, mai bayarwa yana raye, yana da lafiya. Malamai na kiran wannan hauzi, wato karɓar abu a hannu. In mai kyautar ya rasu ba a yi hauzi ba, gonar ta koma cikin gado. In kuwa a ciwon ajali ya yi kyautar, hukuncin wasiyya take ɗauka. Wasiyya kuma ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya, kuma ba a yin ta ga magaji sai in sauran magada sun yarda. Rubutacciyar doka ta ƙara da cewa mai yin kyauta ko wasiyya dole ya kasance cikin hankalinsa. Ku dubi hikimar. Duk an yi ne saboda sa'ar nan da tsoho ke kwance, ba ya iya musu, wani yana raɗa masa a kunne.

Akwai kuma abin da iyaye da yawa ba su sani ba. Uban da ya yi wa ɗansa kyauta yana iya janye ta, da sharuɗɗa: in ɗan bai yi aure ko ya ci bashi a kan ƙarfin kyautar ba, kuma abin bai sauya ba. Sadaka ce ba a janyewa. Wanda wannan ya shafa ya tambayi malami ko alƙali kafin ya ɗaga murya.

Nan zan faɗi ra'ayina, ba doka ba ce. Baba, kada ka raba duk abin da ka mallaka tun kana da rai don a ce ka huta. Ka bar wa kanka gona ɗaya da ƴan bisashe da sunanka. Mun sha ganin dattijon da ya raba komai, ya koma yana jiran a tuna da shi da ƙwaryar fura. Gaskiya ne ciyar da iyaye mabuƙata wajibi ne a kan ɗa mai hali, a fiƙihu da rubutacciyar doka duka, kuma kotu na iya tilasta shi. Amma uba nawa ne zai iya kai ɗansa ƙara a kan tuwo?

Kashi na shida: mai takaba, da marayu, da waɗanda suka baro gidajensu.

In mutum ya rasu, ba duk abin da ke cikin gidan ne gado ba. Sadakin matar nata ne. Awakinta nata ne. Kayan ɗakinta, da kuɗin adashinta, da bashin da take bin mijin, duk a fitar mata da su tukuna. Sannan ta karɓi rabonta, kashi ɗaya cikin takwas in akwai ƴaƴa, ɗaya cikin huɗu in babu, in kuma matan sun fi ɗaya su raba wannan kason. Mahaifiyar mamaci ma tana da rabonta, tsufanta ba ya soke shi. Mai takaba tana ɗaki wata huɗu da kwana goma, kuma a cikin kwanakin nan ne rumbu ke ramewa, shanu su sauya garke. Don haka tun a makon farko a ƙirga komai a rubuta, a gaban liman da mai gari da wani daga danginta.

Daga nan sai taron dangi, wanda ake kai takardarsa kotu. A ciki ake bayyana magada, a zaɓi wakilinsu, a kuma zaɓi mai riƙon marayu. Ku tabbata sunan kowace ɗiya mace ya shiga, har wadda ke aure a nesa. Kai baffa da aka ba riƙon marayu, rabonsu ba jarinka ba ne. Ka ciyar da su daga ciki gwargwadon buƙata, ka rubuta, in sun girma sun yi hankali ka miƙa musu a gaban shaidu. Amana ka riƙe, kuma dole ka ba da lissafi.

Iyayenmu da rashin tsaro ya koro daga garuruwan arewa, wajen Abala da Sanam da bakin iyakar Mali, ku ma maganar ta shafe ku. Barin gari bai kashe haƙƙinku a kan gonarku ba. A 2018 Nijar ta kafa dokar kare ƴan gudun hijira na cikin gida. In kun bar bisashe ko gona a hannun wani, ku sa a rubuta ko su nawa ne, a gaban mai garinku, ko da shi ma yana gudun hijira tare da ku. Katin tallafi kuma na wanda sunansa ke kai ne.

Kashi na ƙarshe: in abin ya riga ya faru, ina za a kai kuka?

A fara da gida, a tara dattawan dangi da liman. In bai yiwu ba, a je wurin mai gari, daga nan fadar sarki. Dokar sarautun gargajiya ta 2015 ta ba sarakuna ikon yin sulhu, kuma rikicin gona sai ya bi ta wurinsu kafin ya isa kotu. Ku nemi a rubuta abin da aka yi. In an daidaita, akwai takardar sulhu. In ba a daidaita ba, akwai takardar rashin sulhu, ita za ku riƙa zuwa wurin alƙali. Sarki mai sulhu ne, hukunci na kotu ne.

In abin zamba ne, ko cin amana, ko takardar jabu, jandarmomi da ƴan sanda da mai gabatar da ƙara na gwamnati su ne wurin zuwa. Maƙwabcin da ya gani ma yana iya sanar da su, ba sai tsohon ya taka da kansa ba.

Na san abin da ke hana iyayenmu magana. Tsohuwa za ta ce, "Ni in sa a ɗaure ɗan da na haifa? Gara in haƙura." Inna, ki saurare ni. Neman haƙƙinki ba ya nufin ɗaure shi. A tsarin dokar da muka gada daga Faransa akwai tsohuwar ƙa'ida cewa abin da ɗa ya ɗauka na iyayensa, ko miji na matarsa, maganar mayarwa ce da biyan diyya. Kina iya neman a mayar miki, a sauke shi daga wakilci, a ba wani. Amma kada ƴaƴa su ji wannan su yi murna. Ƙa'idar ba ta halatta musu komai ba, ba ta rufe mai ƙirƙirar takardar jabu ba, ba ta kuma kare wanda ya sayi kayan alhali ya san na cuta ne. Ita kanta Faransa, a 2015 ta cire wannan kariya ga wanda aka naɗa ya riƙe dukiyar mai rauni, ko da ɗansa ne.

Saura maganar kuɗin shari'a. Lauyoyi kusan duk suna Yamai, tafiyar kilomita kamar 180 daga Filinge, kuma talaka na jin tsoron kuɗinsu. Saboda haka aka kafa hukumar ANAJJ da dokar 14 ga Disamba 2011, don taimaka wa jama'a a sha'anin shari'a. Tana da ofisoshi a manyan kotuna, har da ta Tillaberi. Bayani da shawara a kan doka kyauta ne ga kowa. Wanda aka tabbatar ba shi da hali, da wasu rukunin masu rauni kamar yara da naƙasassu, ana iya ba su mai tsaya musu a gaban kotu ba tare da sun biya ba. In za ku je, ku riƙa duk takardar da kuke da ita, ko rasit ne, ko saƙon salula, ku tafi da wanda ya ga abin da idonsa. In ba ku san ta inda za ku fara ba, ku tambayi magatakardan kotun Filinge ya nuna muku hanya.

Lokacinmu ya cika. A shiri na gaba za mu zauna a kan jinginar gona ita kaɗai: yadda ake fansar ta, da abin da ake yi in mai riƙe da ita ya ƙi karɓar kuɗin fansa. Mai tambaya ya aiko da ita ta hannun gidan rediyon nan, ba sai ya faɗi sunansa ko na garinsu ba. Sai mun sake haɗuwa, in Allah ya kai mu.